Mark Twain: Mutumin Da Ya Ba Amurka Dariya, Ya Kulle Sauran Maganar A Akwati

A wajen shekarar 1850, a wani ƙaramin gari mai suna Hannibal da ke gaɓar kogin Misisifi a jihar Misuri ta Amurka, akwai wani saurayi bawa da ake kira Jerry. Aikinsa yankan itace ne. Kullum sai ya ɗare kan tulin itacen ubangidansa ya kama wa'azi, yana kwaikwayon muryar malaman cocin garin ɗaya bayan ɗaya, har da yadda suke kaɗa hannu. Jefi-jefi yakan dakata ya yi ƙarar zarto da bakinsa, don ubangida ya zaci aiki yake yi. Mai sauraronsa mutum ɗaya ne tak, wani yaro farar fata ɗan shekara 15 da ke leƙowa ta tagar bayan gidansu, duk da mahaifiyarsa ta hana shi. Cikin wa'azin Jerry akwai wata magana da ta zauna wa yaron a zuciya: ka gaya mini inda mutum yake samun abincinsa, ni kuwa in gaya maka ra'ayinsa.

Sunan yaron Samuel Langhorne Clemens, wanda duniya ta sani da Mark Twain. A 1901, yana da shekara 65, lokacin da babu marubucin Amurka da ya kai shi suna, ya zauna ya rubuta maƙala a kan maganar Jerry. Ya ce ɗan Adam ba ya iya riƙe ra'ayin da zai taɓa tukunyarsa, kuma yawancin abin da muke kira ra'ayinmu aro ne daga mutanen da muke son su yarda da mu. Da ya gama, sai ya ajiye takardun. Ba a buga maƙalar ba sai 1923, shekara 13 bayan mutuwarsa.

A ganina rayuwar Twain gaba ɗaya tana cikin wannan ajiyar da ya yi. Raha ce ta ba shi damar faɗa wa Amurka abin da wani ba zai faɗa ya kwana lafiya ba, domin da wasa ake gaya wa wawa magana. Amma rahar nan ita ce kuma sana'arsa, da ita yake ci da iyali, da ita ya biya bashi, kuma masu dariyar su ne masu biya. Sai ya zamana akwai iyakar da in ya kai, hannunsa kan yi sanyi. Shi kansa ya san da haka, ya kuma rubuta cewa ya sani.

An haife shi ranar 30 ga Nuwamba 1835 a wani ƙauye mai suna Florida a jihar Misuri, aka koma da shi Hannibal yana ɗan shekara 4. Misuri jihar bayi ce a lokacin. Ya taso bai taɓa jin wani ya ce bauta laifi ce ba: jarida ba ta faɗa, coci kuwa cewa take Ubangiji ya halatta. Mahaifinsa ya mallaki bayi, kawunsa John Quarles ma haka, kuma a gonar kawun nan ne yaron yake kwana yana jin tatsuniya daga bakin wani dattijo bawa mai suna Daniel. A tsufansa ya tuna ranar da ya ga maza da mata kamar goma sha biyu ɗaure da sarƙa ɗaya a bakin tashar jirgin ruwa, suna jiran a kai su kasuwar bayi ta jihohin Kudu. Ya ce bai taɓa ganin fuskokin baƙin ciki irin nasu ba.

Mahaifinsa ya rasu a 1847, ya bar su cikin talauci. Ba da daɗewa ba yaron ya bar makaranta ya shiga koyon aikin ɗab'i, inda ake tsintar harufan dalma ɗaya-ɗaya da yatsa ana jera su layi-layi. Maɗaba'a ita ce jami'arsa. Wanda ya shekara goma yana jera jimlolin wasu harafi-harafi, dole ya san nauyin kalma da inda ta yi yawa. A 1857 ya ɗauki alkawarin biyan wani matuƙin jirgin ruwa, Horace Bixby, dala 500 don ya koya masa kogin Misisifi daga St. Louis zuwa New Orleans. Tafiya ce ta sama da mil dubu, a kogin da ke sauya hanya kowace shekara, kuma dole matuƙi ya haddace kowace kwana da kowane tudun yashi, ya iya bi da dare. Ya sami lasisi a 1859. A nan sunansa ya samo asali. A goshin jirgi akwai mai gwada zurfin ruwa da igiya mai dalma a baki, in ya ga ruwa ya kai gaba biyu, wato ƙafa 12, sai ya ɗaga murya ya ce "mark twain", ma'ana ga alamar gaba biyu, jirgi zai iya wucewa.

Kogin ya ba shi suna, ya kuma ɗauke masa ƙane. Shi ya samo wa ƙaninsa Henry aiki a jirgin Pennsylvania, tukunyar jirgin ta fashe a 1858, Henry ya mutu da ƙuna. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ɗora wa kansa laifin ba.

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, zirga-zirgar kogi ta tsaya. Ya shiga wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta ɓangaren Kudu, masu kare bauta, ya yi mako biyu ya fice, ya bi wansa Orion zuwa yankin Nevada. Ya haƙa azurfa bai samu ba, sai ya kama aikin jarida a Virginia City, inda ya fara sa hannu da Mark Twain a Fabrairun 1863. Abin da ya fito da shi wani gajeren labari ne da aka buga a New York a Nuwamban 1865, kan wani ɗan caca da ya horar da kwaɗo tsalle, wani baƙo ya faki idonsa ya ɗura wa kwaɗon ƙwayoyin dalma ya cinye kuɗin. Jaridu suka yi ta kwafa daga gari zuwa gari.

In aka tsaya kan abin da ya faru a labarin kwaɗon, bai taka kara ya karya ba. Daɗin yana bakin mai ba da labarin, wani tsoho mai surutu da ya tsare baƙo a lungu yana zuba, fuska a murtuke, bai san ma akwai abin dariya a maganarsa ba. Wannan ita ce dabarar Twain, kuma ya bayyana ta da kansa a wata maƙala ta 1895. Ya ce akwai mai barkwancin da zai sanar da kai tun farko cewa ga abin dariya nan tafe, ya riga ka darawa. Nasa salon kuwa, mai labari yakan yi kamar bai gane komai ba, ya yi ta kewaye-kewaye, ya saki muhimmiyar maganar kamar ta suɓuce masa, sannan ya yi shiru. Shirun nan ya ɗauka da muhimmanci ƙwarai: in ya gaza tsayi mutane ba su gama fahimta ba, in ya zarce sun riga sun hango. Tun daga Oktoban 1866 da ya fara tsayawa gaban jama'a a San Francisco, da jan magana a hankali da wannan shirun yake cika zaure.

Amfanin wannan salo ya wuce dariya. Idan mai magana bai gane abin da yake faɗa ba, aikin ganewa ya koma kan mai sauraro. Ba a yi masa wa'azi ba balle ya ƙi. Shi da kansa zai kai ga hukuncin, kuma sai ya gama dariya zai lura cewa da shi ake. Duk manyan ayyukan Twain a kan wannan suka tsaya.

A 1867 wata jaridar San Francisco ta biya masa kuɗin jirgin Quaker City, wanda ya kwashi Amurkawa masu hali zuwa Turai da Gabas ta Tsakiya. Wasiƙun da ya aiko suka zama littafin The Innocents Abroad a 1869, aka sayar da kusan kwafi 70,000 a shekarar farko. Ba a kantin littattafai aka sayar ba. Dillalai ne ke bi gida-gida da samfuri, suna rubuta sunan manoma da masu ƙananan shaguna tun kafin a buga. Wannan ya nuna su wane ne masu ciyar da shi: talakawan Amurka masu zuwa coci, waɗanda suka ji daɗin ganin ɗan ƙasarsu ya tsaya gaban kayan tarihin Turai bai rusuna ba.

Mai karatu Musulmi da ya buɗe wannan littafi zai ji ciwo, kuma da gaskiyarsa. Yadda Twain ya kwatanta mutanen Tanja da Istambul da Dimashƙa da ƙauyukan Falasɗinu cike yake da raini: ƙazanta, bara, jahilci, kusan ba ya ganin komai sai su. Masu kare shi sukan ce ai bai bar kowa ba, ya yi wa Italiyawa, ya yi wa 'yan'uwansa masu ziyarar ibada da ke ɓantarar duwatsun wuraren tarihi suna cusawa a aljihu. Haka ne, amma akwai bambanci tsakanin tsokanar wanda zai sayi littafinka ya rama da tsokanar wanda ba zai taɓa jin abin da ka ce ba. Haka ya yi wa 'yan asalin Amurka, jajayen Indiyawa, a rubuce-rubucensa na farko, kuma a kansu bai taɓa yin gyaran da ya yi a kan baƙaƙen fata ba. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba don ana son mutumin.

Gyaran ya fara ne daga aure. A Fabrairun 1870 ya auri Olivia Langdon, 'yar wani attajirin kwal na garin Elmira a jihar New York. Gidan Langdon gidan masu yaƙi da bauta ne, sun taimaki bayi masu gudu, kuma Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama jagoran yaƙi da bauta, abokinsu ne. Ɗan Misuri da ya taɓa ɗaukar bindiga don Kudu ya sami kansa a tsakiyar waɗannan mutane.

Wata yamma a 1874, a gonar yayar matarsa da ke bayan Elmira, iyali suna zaune a baranda, mai dafa musu abinci Mary Ann Cord tana zaune a kan matakala. Mace ce mai yawan dariya, ta kai shekara 60. Twain ya tambaye ta yadda aka yi ta yi wannan tsawon rai ba ta taɓa ganin wahala ba. Dariyarta ta ɗauke. Ta ba shi labarin ranar da aka ɗora ta kan dandamalin gwanjo a Richmond, aka sayar da mijinta, aka sayar da 'ya'yanta bakwai ɗaya bayan ɗaya tana kallo, ta rungume autansu Henry aka fizge shi daga hannunta. Shekaru suka wuce, ana cikin yaƙi, tana dafa wa hafsoshin jihohin Arewa, masu yaƙar Kudu, abinci, sai ga wani soja baƙar fata. Ta gane ɗanta ne da tabon da ke wuyan hannunsa da goshinsa. Sauran shidan da mijin ba ta ƙara ganinsu ba. Twain ya rubuta labarin da irin Turancinta, bai gyara mata baki ba, ya kuma bar tambayarsa ta wauta a farkon labarin yadda kowa zai gani. Shi ne rubutunsa na farko da mujallar Atlantic ta buga, a Nuwamban 1874. Masu karatu da dama sun yi ta neman inda abin dariyar yake, domin sunan Mark Twain suka gani a sama.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa littafinsa Huckleberry Finn, wanda ya fara a 1876, ya ajiye, ya dawo, har ya fito a Ingila a ƙarshen 1884, a Amurka a 1885. Yaro ne ɗan mashayi, marar ilimi, ke ba da labarin da bakinsa, yana gudu a kan kogi tare da Jim, bawan da ya tsere don kada a sayar da shi. Akwai wurin da yaron ya zauna yana fama da zuciyarsa. Duk abin da aka koya masa a gari da coci ya nuna masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce, kuma mai yin haka ɗan wuta ne. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga uwargijiyar Jim don ya tona inda yake, ya ji ya tsarkaka. Sai ya tuna daren da Jim ya riƙa yin gadi a madadinsa don ya bar shi ya yi barci. Ya ɗauki takardar, hannunsa na rawa, ya yarda zai shiga wutar, ya yayyaga ta. Yaron ya tafi da imanin cewa ya zaɓi sharri. Mai karatu ne kaɗai ya san cewa a duk garin babu wanda ya yi abin kirki irin nasa. Dabarar tsohon mai labarin kwaɗo ce, aka ɗora mata kaya mafi nauyi a tarihin Amurka.

Littafin bai taɓa hutawa da rigima ba. A 1885 ɗakin karatu na garin Concord ya hana shi shiga, wai harshensa na 'yan tasha ne. A zamaninmu kuwa ƙorafin ya koma kan kalmar cin mutuncin baƙar fata da ta fito sama da sau 200 a ciki, da kuma babobin ƙarshe, inda aka mai da Jim abin wasan yara bayan an gama nuna mana shi a matsayin uba mai hankali da tausayi. Iyaye baƙaƙen fata da ba sa son a karanta wa 'ya'yansu wannan kalma a aji suna da hujja. Game da ƙarshen littafin kuwa, ni ina ganin nan ne marubucin ya ja da baya, ya koma wa barkwancin da ya san kasuwa na so. A shekarar da littafin ya fito a Amurka, Twain ya ɗauki nauyin wani ɗalibi baƙar fata, Warner McGuinn, a makarantar lauyoyi ta Yale, ya rubuta wa shugaban makarantar cewa farare ne suka danne waɗannan mutane, don haka kunyar tasu ce, su ya kamata su biya. Wasiƙar sirri ce, sai bayan shekara 100 jama'a suka san da ita.

Sai maganar kuɗi, wadda in ba a fahimce ta ba, ba za a fahimci shirunsa ba. Twain ya yi wa masu haɗamar zamaninsa dariya, har sunan da ake kiran zamanin da shi a tarihin Amurka, wato zamanin da aka shafa wa ruwan zinari, daga littafin da suka rubuta da Charles Dudley Warner a 1873 ya fito. Amma shi ma ciwon yana jikinsa. Ya gina katafaren gida a Hartford, ya kafa kamfanin ɗab'i nasa, ya fara da sa'a: tarihin rayuwar Janar Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, da ya buga a 1885 ya kawo wa matar Grant sama da dala 400,000. Sai ya haɗu da injin wani mai ƙirƙira, James Paige, wanda zai riƙa jera harufa da kansa. Tsohon mai tsintar dalma da yatsa ya san darajar irin wannan inji fiye da kowa, shi ya sa ya afka. Injin yana da sassa kusan 18,000, in ya yi aiki abin mamaki ne, amma kullum cikin lalacewa yake. Twain ya zuba masa kusan dala 300,000, har da gadon matarsa, yayin da injin Linotype mai sauƙi ya mamaye maɗaba'u. Garin neman ƙiba aka samo rama. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1893, kamfaninsa ya durƙushe a Afrilun 1894.

Wanda ya tsamo shi Henry Rogers ne, ɗaya daga manyan kamfanin mai na Standard Oil, mutumin da 'yan kasuwa ke tsoro saboda rashin sassaucinsa. Rogers ya karɓi lissafin, ya sa aka mai da haƙƙin mallakar littattafan hannun Olivia don kada masu bin bashi su kwashe. Doka ba ta tilasta wa Twain biyan bashin kamfanin duka ba, amma shi da matarsa suka ce sai sun biya kowa cif. A Yulin 1895, yana da shekara 59, ga maruru na damunsa, ya fita zagayen duniya yana ba da dariya don kuɗi: Ostireliya, New Zealand, Indiya, Afirka ta Kudu. Ya isa Ingila a 1896, nan waya ta same shi cewa 'yarsa Susy, mai shekara 24, ta rasu da sanƙarau a gidansu na Hartford. Dama ɗansu na fari, Langdon, ya rasu yana jariri a 1872. Ya gama biyan bashin a 1898, jaridu suka yi ta yabonsa da riƙon amana, kuma ya cancanta.

Tafiyar nan ta buɗe masa ido. A wani otal a Bombay ya ga Bature mai kula da wurin ya kwaɗa wa wani ma'aikaci Ba'indiye mari ba tare da ya gaya masa laifinsa ba, ma'aikacin ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Twain ya ce cikin daƙiƙa ɗaya ya koma Hannibal ta shekara 50 baya, ya ga mahaifinsa yana marin yaronsu bawa, ya kuma tuna wani bawa da aka jefa da dunƙulen ƙarfe ya mutu, ba wanda ya ce komai. Ya gane cewa abin da ya baro a gida shi ne ake yi a duniya da sunan wayar da kai. Ya rubuta kan yadda aka ƙarar da 'yan asalin Tasmaniya, ya yi wa Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Ingila a kudancin Afirka, kaca-kaca.

Da farko ya goyi bayan yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898, yana zaton 'yantar da Kyuba za a yi. Da ya ga Amurka ta biya Sifaniya dala miliyan 20 ta karɓe Filifin, ta kuma juya bindiga kan mutanen da suka zaci 'yanci ya zo, sai ya sauya. Ya sauka New York a Oktoban 1900 ya gaya wa 'yan jarida cewa shi mai adawa da mulkin mallaka ne, ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar masu wannan ra'ayi har mutuwarsa. A Fabrairun 1901 ya fitar da maƙalarsa mafi zafi, inda ya kwatanta mulkin mallaka da kamfanin da ke tallar wayewa: a waje an naɗe kaya da adalci da 'yanci da tausayi, a ciki kuwa jini ne da ƙwace. Ya haɗa Ingila da Jamus da Rasha da Amurka ya yi musu kuɗin goro, ya taɓa wani ɗan mishan da ya karɓi diyya daga talakawan Sin, har ya ba da shawarar a yi wa Filifin tuta irin ta Amurka, a shafe fararen layukan da baƙi, a sa ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gurbin taurari. Wannan fa shekara biyu ke nan kafin sojojin Lugga su shiga Kano da Sakkwato, lokacin da yawancin masu ilimin Turai da Amurka ke ganin mallakar ƙasashen wasu alheri ne. An kira shi maci amanar ƙasa, wasu jaridu suka ce ya koma wa barkwancinsa ya bar abin da ya fi ƙarfinsa. A 1905 ya rubuta ƙasida da bakin Sarki Leopold na Beljiyam, yana kare kansa kan kisan da yanke hannayen da ake yi a Kwango saboda roba, yana tsine wa kyamarar Kodak, shaidar da ya kasa saye da cin hanci. Kamfanin da ke buga masa littattafai ya ƙi ta, sai masu fafutukar Kwango suka buga, bai karɓi ko sisi ba.

Wannan jarumta ce ta gaske, ba na rage mata komai. To amma a duba abin da ya rage a akwati. A 1901, bayan an yi wa wasu baƙaƙen fata kisan gilla a jiharsa ta Misuri, ya rubuta maƙala mai ƙuna kan yadda taron farare ke rataye mutane ba shari'a, har ya yi niyyar haɗa littafi guda a kan batun. Sai ya fasa, ya gaya wa mai buga masa littafi cewa in abin ya fito ba zai rage da aboki a Kudu ba, kuma Kudu kasuwa ce. A 1905 ya rubuta wata gajeriyar addu'ar yaƙi: ana cikin coci ana roƙon nasara, wani baƙo ya hau mumbari ya fassara musu abin da suke roƙo a zahiri, wato a yayyaga 'ya'yan wasu, a ƙone gidajensu, a bar matansu da marayu a titi. Wata mujallar mata ta ƙi bugawa, yarjejeniyarsa da kamfanin Harper mai buga masa littattafai ta hana shi kai ta wani wuri, shi kuma bai matsa ba. Ya ce wa abokinsa matattu ne kaɗai aka yarda su faɗi gaskiya. Kamfanin Standard Oil kuwa, wanda 'yan jaridar zamanin suka yi ta tona asirinsa, alƙalamin Twain bai taɓa shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Rogers ya wuce mai ba da lada a wurinsa, aboki ne da ya tsaya masa ranar da kowa ya watse.

Ban ɗauki wannan a matsayin tsoro kawai ba. Mutum ne da ya ɗanɗani karyewa yana da shekara kusan 60, ga mata marar lafiya da ke roƙonsa ya sassauta, ga 'ya mai farfaɗiya da ke buƙatar kulawa. Kuma ya san cewa ƙarfin muryarsa daga son da jama'a ke masa yake: ran da suka daina dariya, ran nan za su daina saurare. Lissafi ne mai ma'ana. Sai dai waɗanda ake ratayewa a Misuri ba su da lokacin jiran lissafin, kuma maƙalarsa kan kisan gillar, wadda ita ma sai a 1923 aka buga ta, ba ta ceci wanda aka kashe a 1902 ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bud Dajo. A Maris 1906, a tsibirin Jolo da ke kudancin Filifin, Musulmin Moro, maza da mata da yara, suka fake a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta. Sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Leonard Wood suka hau da manyan bindigogi har bakin ramin suka yi ta ruwan wuta. Rahoton farko ya ce an kashe 600, daga baya aka ce 900, sojojin Amurka kuwa 15 a rahoton da Twain ya karanta. Shugaba Theodore Roosevelt ya aika da saƙon taya murna, wai an ɗaukaka tutar ƙasa. Twain, wanda shekara 37 baya ya rubuta raini kan Musulmin Gabas, ya kira sakatariyarsa ya yi mata shifta kwana biyu. Ya bi rahotannin layi-layi, ya kira sojojin makasa masu kaki, ya ce shugaban ƙasa ya san ƙarya yake yi, ya tsaya kan labarin yaran da aka ce iyayensu sun yi garkuwa da su. A duk abin da ya rubuta ban san wanda ya fi wannan fushi mai tsabta ba. Ya sa shi cikin tarihin rayuwarsa, wanda ya yi wasiyyar kada a fitar da shi cikakke sai ya shekara 100 a kabari.

Olivia ta rasu a Italiya a 1904. A Disamban 1906 ya bayyana a majalisar dokokin Amurka cikin fararen kaya tsaf a tsakiyar hunturu, kayan da har yau da su ake zana shi. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1907, yaron da ya bar makaranta yana ɗan shekara 12. Autarsa Jean ta rasu a jajibirin Kirsimetin 1909, ya zauna ya rubuta ta'aziyyarta, ya ce da wannan ya rufe rubutu. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu 1910 a gidansa da ke garin Redding, tauraruwar nan mai wutsiya ta Halley tana sama, kamar yadda take a shekarar da aka haife shi. 'Ya ɗaya ta rage masa, Clara, wadda ta hana a buga wasu rubuce-rubucensa kan addini har 1962.

Jami'ar Kalifoniya ta fitar da kundi na farko na cikakken tarihin rayuwarsa a 2010, mutane suka yi ta rububinsa, kuma shiftar Bud Dajo tana ciki. Janar Wood kuwa, a watan da aka binne Twain a Elmira aka ba shi shugabancin rundunar sojojin ƙasa ta Amurka, a 1921 kuma aka mai da shi Filifin a matsayin gwamnan ƙasar baki ɗaya.